Dodo, Daji da Jarumi: Nazarin Jaruntaka cikin Labaran Mu-ƙaddara na Hausa, da Amfaninsa ga Karatun Manya a Madawa, Buza da Keita

Gabatarwa

Tun farkon shekarun 1960, lokacin da aka kafa aikin yaƙi da jahilci a Nijar, akwai tambaya guda da ba ta bar masu wannan aiki sun huta ba: idan magidanci ko uwargida sun iya haɗa baƙaƙe, me za a ba su su karanta? Amsar da aka fi bayarwa ita ce ƙasidu kan noman albasa, tsabtar ruwan sha, awon ciki da lissafin ƙungiyar manoma. Jaridun karkara irin su Sabon Ra'ayi ta Madawa sun bi wannan hanya, sun kuma yi amfani a zamaninsu. Amma malaman karatun manya sun san abin da ke biyo baya. Wanda bai sami takardar da za ta ja shi ya buɗe ta don kansa ba, in aka kwana biyu sai baƙaƙen su gudu su bar shi. A shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, saboda haka tambayar ta ƙara nauyi.

Labarin da ya fi jan mai karatu, yaro ko babba, shi ne na mutumin da ya tunkari abin tsoro, ko ya shiga inda ba wanda ya taɓa shiga ya komo. Manufar wannan maƙala ita ce mu duba yadda Hausa ke ba da irin wannan labari, da baka da kuma a rubuce. Za mu fara da sunan da ya dace da shi, sa'an nan mu dubi abokin gaba, mu dubi jarumi, mu dubi wurin da ake zuwa. Daga ƙarshe za mu kawo shawarwari ga masu tsara littattafan bayan-karatu a gundumomin Madawa, Buza da Keita cikin jihar Tawa.

1. Batun suna

Turawa sun kasa ƙagaggun labaran da suka wuce abin da ido ke gani gida biyu. Akwai wanda aka gina kan sihiri da halittun ɓoye, kamar littafin Tolkien mai juzu'i uku da ya fito a Ingila a 1954 da 1955, inda wani tsohon azzalumi da aka taɓa karyawa yake sake tasowa. Akwai kuma wanda aka gina kan kimiyya da ƙere-ƙere, kamar littattafan Jules Verne, waɗanda kusan duk wanda ya yi lakol ta Faransanci ya ci karo da su.

Hausa ba ta yi wannan rabo ba, nata rabon daban ne. Tatsuniya, wadda a yammacin ƙasar Hausa ake kira gatana, ta dare ce, kowa ya san ba ta faru ba, mai ba da ita ma yakan ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar in ya zo rufewa. Ƙissa ta annabawa ce da sahabbai, ba a yi mata ƙari. Tarihi na kakanni ne da sarakuna. Hikaya da almara suna tsakani. Ke nan ma'aunin Bahaushe shi ne matsayin gaskiyar labari, ba kayan da aka gina shi da su ba.

Muna ba da shawarar a kira dukan wannan fanni labarin mu-ƙaddara. Cikin zance na yau da kullum, mai kafa misali yakan ce: mu ƙaddara rijiyar garin nan ta ƙafe. Mai sauraro ba ya ƙaryata shi, ba ya kuma tashi ya leƙa rijiya. Ya yarda a bi zancen a ga inda zai kai. Wannan ita ce yarjejeniyar da ke tsakanin marubucin irin wannan labari da mai karatunsa. Ƙirar kalmar ma ba baƙuwa ba ce, domin Hausa ta saba mai da jimla suna, kamar ka-ce-na-ce, faɗi-ka-mutu da a-ci-balbal. Wani zai ce za a rikita ta da ƙaddara ta Ubangiji. Wakilin suna mu da ke gabanta ya isa ya raba su, kamar yadda yake raba su a baki.

2. Dodo: tsohon mai wuri

Mu ɗauki labarin da kowa ya sani. Baƙo ya sauka Daura da dare, ya roƙi wata tsohuwa ruwa, ta ce babu, domin macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙon ya tafi ya sare kan macijin, sarauniya Daurama ta aure shi. Abubuwa uku ne ya kamata mai nazari ya lura da su. Macijin bai cinye garin ba, ruwa ya tsare. Tsarewar tana da ƙa'ida, tunda akwai ranar da yake bari. Sunansa kuma Sarki. Mutanen Daura sun zauna da shi tsawon zamani bisa sharaɗi, wanda ya kashe shi kuwa baƙo ne da sharaɗin bai ɗaure ba.

Abin da masu bincike suka tattara a Adar yana haskaka wannan. Djibo Hamani da Nicole Échard, waɗanda littattafansu kan tarihin Adar suka fito a 1975 cikin jerin Études nigériennes, sun nuna cewa tun kafin Agabba ɗan sarkin Agadas ya ci ƙasar a 1674, akwai al'ummun Azna da ke zaune cikin duwatsu da kwaruruka, har labaran baka na ambaton Aznan ramu da mahalba a matsayin mazaunan farko. A tunanin waɗannan al'ummu, ƙasa ba ta taɓa zama ba mai ita ba. Wanda ya fara sauka wuri sai ya ƙulla alkawari da iskokin da ya tarar, zuriyarsa kuma ita ke riƙe da alkawarin. Abin da ke cikin kogo, ko gindin tsamiya, ko ƙasan rijiya, ya riga mutum zuwa. Harshe ma yana ba da shaida: ana ce wa aljannu mutanen ɓoye, ana ce wa maciji igiyar ƙasa in dare ya yi. Wanda ake sakaya sunansa, maƙwabci ne da ake jin nauyinsa.

A nan ne fassara ke da haɗari. Tsohon mugu na littattafan Turawa ya haɗa siffofi biyu da Bahaushe ya raba. Ta farko ta Iblis ce, wanda ya girmi ɗan Adam, sharri ne zalla, amma ba a kashe shi da takobi, tsari ake nema daga gare shi. Ta biyu ta dodo ce, wanda ana iya kashe shi, amma laifinsa sananne ne kuma mai iyaka: ya hana ruwa, ya tare hanya, ko ya ce sai an ba shi budurwa kowace shekara. Laifin dodo rowa ce da zalunci, wato laifuffukan mai iko. Marubucin da ya zuba waɗannan siffofi biyu cikin tukunya ɗaya yakan fito da abokin gaba wanda ba shi da dalili, ba a iya magana da shi, sai dai sara. Labari kuwa in ba a iya magana da abokin gaba, rabin daɗinsa ya tafi, tunda gatanar dodo cike take da ciniki, alkawari da yaudara.

Abdoulaye Mamani ya gane wannan sarai cikin Sarraounia, wanda aka buga da Faransanci a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986. Littafin tarihi ne da aka yi wa ado, yana ba da labarin yaƙin Lugu na watan Afrilu 1899 tsakanin sarauniyar Azna da rundunar Voulet da Chanoine, rundunar da ta ƙone Birnin Ƙonni wata guda bayan haka. A wurin Mamani, tsohon abu, wato tsafi da kurmi da alkawarin kakanni, yana ɓangaren jaruma. Mugun abu sabo ne, daga nesa ya zo, da bindiga da tuta. Ga mutanen wannan yanki, wannan tsari ya fi kusa da abin da kakanninsu suka gani.

3. Kalmomin jaruntaka

Inda Faransanci ke wadatuwa da kalma ɗaya ko biyu, Hausa tana da tsani mai matakai:

a) jaruntaka: ta fagen fama ce, a gaban jama'a ake yin ta, kirari ke raka ta;
b) bajinta: aikin da ya wuce na tsara, ko a gona, ko a filin kokawa;
c) ƙarfin hali: yin abu alhali ana jin tsoro ko ba a kai ba; tana iya zama zargi, kamar cikin karin maganar ɓarawo da sallama;
d) dauriya da jimiri: ɗaukar wahala mai tsawo ba tare da kuka ba;
e) kasada: shiga haɗari da saninsa, don wata riba;
f) ganganci: shiga haɗari ba tare da lissafi ba.

Abu biyu ke fitowa daga wannan jeri. Na farko, harshen ya ba maza matakan sama. Ana cewa mazantaka, ana cewa ya yi ta maza, mace ma in ta yi abin yabo sai a ce ta yi namijin ƙoƙari. Dauriya da haƙuri aka bar wa mata, su ne kuwa ba su da kirari. Na biyu, a nahawun Hausa tsoro shi ne mai aikatawa: tsoro ya kama shi, gabansa ya faɗi, hantar cikinsa ta kaɗa. Mutum shi ne abin da aka kama. Saboda haka ƙarfin hali kokawa ce da wani abu da ya riga ya riƙe ka, kuma inda ba a nuna kamun ba, ba a nuna kokawar ba.

Gatana ta san wannan. Cikin labarin Ɗan Auta, wanda ake bayarwa ko'ina a ƙasar Hausa, yaron da ya kashe dodo shi ne wanda ya ƙone rumbunan gidansu, ya jawo wa yayarsa masifa bayan masifa. Da suka isa garin da dodo ke zagayawa da dare yana kira, kowa ya kulle ƙofa ya yi shiru, shi kaɗai ya amsa, ya jefa masa duwatsun da ya gasa cikin wuta. Gari ya tsira, amma gatanar ba ta ce yaron ya fi kowa zuciya ba. Ta nuna cewa bai san tsoro ba domin bai san komai ba. Mai dauriya cikin labarin ita ce yayar, wadda ta san haɗarin kowane mataki, ta kuma goya shi ta bi. Tsofaffin da suka ƙaga wannan labari sun bar mai sauraro da tambaya: tsakanin mai ganganci da ya ci nasara da mai jimiri da ba a yi wa kirari ba, wane ne jarumi?

4. Abin da rubutu ya yi da jarumi

Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da littattafai biyar, biyu daga cikinsu na mu-ƙaddara ne.

Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara (1934) kirari ne da aka shimfiɗa ya zama zube. Rabin farko yana tsaye kan tarihi, wato yaƙe-yaƙen zamanin da Ingilishi suka ci Kwantagora da Bida a 1901. Da aka rinjayi su Ganɗoki, sai labarin ya ɗauke shi da ɗansa Garba Gagare zuwa gabas, ƙasashen aljannu da matsafa, inda ba mai iya tsayawa gabansa. Daga baya ya komo gida ya tarar da mulkin Turawa ya kafu, ya kuma yi na'am da shi. Muna ganin ƙarfin littafin yana cikin abin da bai faɗa ba: dodon da Ganɗoki ya kasa kashewa ita ce bindigar Nasara, dubban da ya sare a ƙasar aljannu kuwa fansa ce ta mafarki. Rauninsa shi ne, daga farko har ƙarshe gaban Ganɗoki bai faɗi yadda mai karatu zai ji ba. Ana sha'awarsa kamar yadda ake sha'awar ɗan kokawa, ba a jin tsoro dominsa.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam (1934) ya komo da mu ga ruwa. Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke liman daga wulakancin da aka yi masa a fada. Makaminsa wayo ne, jaruntakarsa kuma ta jimirin shekaru bisa hanya ce. Wannan ya fi kusa da ruhin gatana. Sai dai yawancin shafuffukan sun tafi ga ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kuma da aka zo mataki na ƙarshe, taimakon aljannu ne ya kai shi ga ruwan. Dariya ta yi yawa har ta rufe tsoro.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa (1951) aro ne daga labarin Iliya Muromets na Rasha. Birnin Kib shi ne Kiyef, sarki Waldima kuma shi ne Vladimir. Aron ya zauna da kyau, har yawancin masu karatu ba su san baƙo ba ne. Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne farkonsa, shekarun da Iliya ya yi a zaune ba ya iya tashi. Da baƙi suka zo suka warkar da shi, ƙarfi ya zame masa kyauta, a asalin labarin na Rasha ma har albishir aka yi masa cewa ba a fagen yaƙi zai mutu ba. Wanda aka ba wannan tabbaci, me ya rage masa na kasada?

Littattafan yaƙi na kasuwar Kano, waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi fice a kansu, hanyar Ganɗoki suka bi: sadaukai, matsafa, birane masu nisa, takubban sihiri. Ba daidai ba ne a raina su, domin sun sa matasa da yawa karatu ba tare da wani malami ya tilasta musu ba, abin da ƙasidunmu suka kasa yi. Amma a cikinsu takobi kullum ƙara tsawo yake, matakan tsani na ƙasa kuwa, ƙarfin hali da dauriya, ba su cika samun wuri ba. Rubutu ya ɗauki kirarin jarumi daga adabin baka, ya bar shakkar da gatana ke yi masa.

5. Daga daji zuwa sama

Taswirar gatana zobe-zobe ce: gida, gari, gonaki, bayan gari, ƙungurmin daji, sa'an nan bangon duniya. Karin magana ta ce tsoro na daji, kunya ta gida. Jarumi yana fita daga ƙasar kunya ya shiga ƙasar tsoro, kuma dole ya komo da wani abu a hannu, ruwa ko magani ko wutsiyar dodo. Ba ya zuwa don ya zauna, ba ya kafa tuta. Kalmar iyaka a Hausa wurin tsayawa take nufi. Ba ta ɗauke da ma'anar da Amurkawa suka ba tasu kalmar, ta filin da ake turawa gaba ana mallakewa.

Wannan bambanci ba na ƙamus kaɗai ba ne. A 1863 Jules Verne ya buga labarin Turawa uku da suka ƙetare Afirka cikin balan-balan daga Zanzibar zuwa kogin Sanagal, suka bi ta kan tabkin Cadi, Damagaram, Agadas da Tumbutu. Cikin wannan littafi, ƙasar da ba a sani ba ita ce tamu, abin tsoron da ake hange daga sama kuwa kakanninmu ne. Bayan shekara 36 rundunar Voulet ta biyo ta ƙasa. Marubucin Hausa da zai ari labarin cin sabuwar duniya yadda yake, ya sani da idon wa yake kallo.

Umaru Dembo ne ya fara ɗaga dajin Hausa zuwa sama, cikin Tauraruwa Mai Wutsiya da aka buga a Zariya a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutum duniyar wata, abin da Mamman Shata ya yi wa waƙa. Yaro Kilba ya gamu da Kolin Koliyo, baƙo daga sararin sama, wanda ya ɗauke shi cikin jirginsa ya nuna masa abubuwan al'ajabi. Dembo ya yi abu biyu da suka cancanci yabo. Bai mai da baƙon dodo ba, ya bar shi abokin tafiya. Ya kuma nuna cewa son sani wani nau'i ne na ƙarfin hali. Amma in aka kware wa labarin riga, sai a ga tsohuwar gatanar yaron da aljani ya ɗauke. Kilba bai ƙera jirgin ba, ba shi ke tuƙa shi ba. Fasinja ne a cikin ilimin wani.

Harshen kansa ya fi littafin ƙarfin hali. Ya ɗauki kumbo, sunan mazubi na cikin gida, ya ba jirgin da ke fita duniya. Ya ƙera tauraron ɗan Adam, ya ƙera ɗan sama jannati. Kayan aiki suna nan, masu aiki da su ne suka yi ƙaranci. Boubou Hama ya buga Le double d'hier rencontre demain a 1973, inda ya gina labarin jiya da gobe bisa tunanin Zabarmawa da Sanwai, amma da Faransanci. Nnedi Okorafor, ƴar asalin Nijeriya da aka haifa a Amurka, ta buga The Shadow Speaker a 2007, labarin wata yarinya a Nijar ta wajen shekarar 2070, amma da Ingilishi. Manomin Buza ba zai karanta ko ɗaya ba.

6. Abin da ke ƙasa a Madawa, Buza da Keita

Ba sai an je Kib ko ƙasar Sin neman abin labari ba. Mutanen waɗannan gundumomi sun ga mai hana ruwa da idonsu a farin 1973 zuwa 1974, suka sake ganinsa a 1984. Sun kuma tunkare shi. Daga 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro cikin kwarin Majiya a ƙasar Buza, tare da ƙungiyar CARE, don karya iskar da ke kwashe ƙasar gona. A 1984 aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da taimakon hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya: aka haƙa ramuka bisa tuddai, aka jera duwatsu, aka yi madatsun ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan masu wannan aiki mata ne, domin maza sun tafi biɗa, wasu Nijeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Ga dauriya a gida, ga kasada a kan hanya, dukansu ba su sami marubuci da Hausa ba tukuna.

Akwai kuma tsufan da ya wuce na kowane dodo. Cikin farar ƙasar duwatsun Adar, irin wadda ake yin siminti da ita a Malbaza, ana tsintar ɓawon halittun teku da suka zama dutse, shaidar cewa miliyoyin shekaru da suka wuce ruwa ne ya rufe wurin. Mu ƙaddara masu haƙar rijiya mai zurfi a wani ƙauyen Keita sun kai ga abin da ke riƙe da ragowar wannan teku, ya ce zai saki ruwa bisa sharaɗi, mazan gari kuwa duk suna biɗa. Wa zai sauka ya yi ciniki da shi, me kuma za a yarda a ba shi? Labari irin wannan yana da dodo mai dalili, yana da tsoro na gaske, yana kuma koyar da yadda ruwa ke kwana ƙarƙashin ƙasa ba tare da ya zama darasi ba.

Mai ilimin ƙere-ƙere ma akwai shi a gida. Labarin Bayajida ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar, amma ba wanda ya riƙe sunansu. Échard ta ɗauki fim kan narkar da tama a Adar, Noces de feu, a 1968. Maƙerin da ke fitar da ƙarfe daga dutse shi ne kakan injiniya a labarinmu, shi ya kamata ya ƙera jirgin da Kilba na gaba zai tuƙa.

7. Shawarwari

a) A tattara gatanan dodo da na tafiya a gundumomin uku da na'urar ɗaukar magana, a wurin mata tsofaffi musamman, a rubuta sunan gari da shekarar ɗauka. Abin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 daga ƙasar Sakkwato ya isa abin kwatantawa.

b) A rubuta bayanin mai ba da labari bisa daidaitacciyar ƙa'ida, wadda aka fara tsarawa a taron Bamako na 1966, aka daidaita da ta Nijeriya a Yamai a 1980, hukuma kuma ta tabbatar a 1999. Amma maganar mutanen cikin labari a bar ta da karin harshenta: munka da sunka, tahi da hwaɗi, ɗiya, tarmamuwa. Sabon mai karatu in ya ji muryar garinsu a takarda yakan saki jiki. Ya kamata kuma a tuna Madawa ƙasar Gobir Tudu ce, karinta ba daidai yake da na Keita ba.

c) Cikin kowane jerin littattafan bayan-karatu a ware kaso na labaran mu-ƙaddara, gajeru, masu manyan baƙaƙe, waɗanda ake iya gamawa a zama biyu ko uku, kowane babi kuma ya tsaya inda mai karatu zai so ci gaba.

d) In an shirya gasar rubutu, alƙalai su tambayi kowane labari abu uku: me abokin gaba yake so, a ina tsoro ya kama jarumi, me ya komo da shi gida.

e) Kada a cusa wa labari wa'azin tsabta ko na taki a ƙarshensa. Mai karatu yana gane ƙasidar da aka sa wa rigar gatana.

f) Masana harshe su tanadi ɗan ƙaramin ƙamus na kalmomin sama, ƙasa da ruwa, su fara da abin da manoma, mahalba da masu haƙar rijiya ke faɗi kafin su ƙera sabo.

Kammalawa

Mun ga cewa tsohon abin tsoro na Hausa mai wuri ne da ake zaune da shi bisa sharaɗi, laifinsa kuma hana abin da rai ke bukata. Mun ga harshen ya bambanta jaruntaka da ƙarfin hali, dauriya da ganganci, amma rubutattun labarai daga 1934 zuwa yau sun fi riƙe matakin farko. Mun ga kuma dajin Bahaushe wuri ne da ake zuwa a komo da amfani. Waɗannan abubuwa uku gado ne da marubucin Hausa ke da shi wanda na Turai ba shi da shi. Aikin da ya rage na haɗin gwiwa ne: mai bincike ya tattara, masanin harshe ya daidaita, mai tsara karatu ya buɗe wa labari ƙofa cikin jerin littattafansa. Matar da ta ɗauki dutse a ka bisa tuddan Keita ta cancanci ta buɗe littafi da harshenta ta tarar da mai kama da ita tana sauka cikin rijiya.